Naira dubu biyar a hannun uwa: Yadda tallafin kuɗi zai iya rage yunwa a Bodinga da Shagari

A ƙauyukan Bodinga da Shagari, yunwa tana da lokacinta. Daga Yuni zuwa Agusta gero yana gona bai nuna ba, na rumbu kuma ya ƙare. Wadda abin ya fi yi wa nauyi ita ce macen da mijinta ya rasu, ko ya sake ta, ko ya tafi ci-rani ya daina aike. Da farko takan rage kwanon tuwo, sannan ta sayar da akuya da araha, daga ƙarshe ta cire 'yarta daga makaranta ta ɗora mata talla.

Ba ita kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 a Jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, adadin da ya zarce na kowace jiha.

Bodinga ta riga ta ga irin wannan tallafi. A 2014 UNICEF, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ta fara bai wa iyaye mata naira 5,000 duk bayan wata uku a kan kowace yarinya, a ƙananan hukumomi shida na jihar, ciki har da Bodinga. Manufar ita ce karatun 'ya'ya mata, amma idan kuɗin ya maye gurbin ribar talla, tukunya ma ta amfana.

Me ya sa kuɗi, ba buhun hatsi ba? Buhu yana buƙatar mota da ma'aji da masu rabo, kuma a kowane hannu yana iya raguwa. Kuɗi kuwa yana bai wa uwa zaɓi: yau gero, gobe maganin zazzaɓi, saura ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli ko ta zuba adashi. A Zamfara da Jigawa, wani shiri na ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger ya riƙa bai wa mata naira 3,500 duk wata, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan ciyarwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna tsumburewar yara ta ragu.

Sirrin yana ga tabbas. Uwar da ta san ranar biya ba za ta karyar da akuyarta ba, mai shago ma zai ba ta bashi. A nan ne shirin gwamnatin tarayya ya yi tuntuɓe. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya yi alkawarin naira 25,000 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin bayan zarge-zargen almundahana a ma'aikatar jin ƙai. Da aka dawo da shi, an ɗaura biyan da lambar NIN da asusun banki, abubuwan da matan karkara da dama ba su da su. Hauhawar farashi kuma na cinye darajar kuɗin.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata matasan Bodinga da Shagari su yi wa kansiloli da 'yan majalisarsu a fili suke: wa ya tsara sunayen? Zawarawa nawa ne a ciki? Kuma kuɗin zai iso kafin damina, ko sai zaɓe ya gabato?