Abin da ke faruwa da waƙa idan aka sauya makaɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko wurin biki a Kiru, Bebeji ko Tudun Wada ya san ba mawaƙi ne ke fara magana ba. Kalangu ne. Makaɗi zai matse tsarkiya a hammata, ya sassauta, sautin ya hau ya sauka kamar yadda muryar Bahaushe ke yi. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, jama'a sun riga sun gane taken wa ake kaɗawa.

Shi ya sa sauya makaɗi ba ƙaramin lamari ba ne ga ƙungiyar waƙa. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da makaɗan da suka san numfashin ubangidansu: inda zai ja baiti, inda zai tsaya a karɓa masa, inda zai zuga su su ƙara wuta. Makaɗan Shata su ne kuma 'yan amshinsa. Baƙon hannu, komai gwanintarsa, sai ya yi watanni yana lalube, kuma a tsawon lokacin dole mawaƙi ya rage tsalle-tsalle, ya koma kan waƙoƙin da kowa ya haddace.

Turawa masu kiɗan rock sun sha ganin haka. Ƙungiyar Rush ta Kanada ta ɗauki Neil Peart a 1974 a madadin John Rutsey. Ganga aka ɗauke shi ya kaɗa, sai ga shi ya zama mai rubuta yawancin baitocinsu, waƙoƙin suka ƙara tsawo, kiɗan ya riƙa sauya gudu a tsakiyar waƙa. Ita kuwa Led Zeppelin ta Ingila, da makaɗinta John Bonham ya rasu a watan Satumba na 1980, ba ta ma nemi wani ba. A watan Disamba ta sanar da cewa ta watse.

A nan gida, Fela Kuti ya rabu da Tony Allen bayan wasan da suka yi a Berlin a 1978, bayan kusan shekara 15 suna tare. Fela ya kafa Egypt 80 ya ci gaba da fitar da manyan waƙoƙi, amma mai sauraro zai ji kiɗan ya ƙara nauyi da natsuwa, wasan da Allen ke yi da hannu da ƙafa a lokaci guda ya ragu.

Tal National ta Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, wato Almeida, ke jagoranta, ta bi wata hanyar. Suna waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da yaren Buzaye, suna haɗa jita da gangunan Turawa da kalangu. Da yake suna kwashe sa'o'i suna wasa a dare guda, sun tara makaɗa da yawa suna karɓa-karɓa. Wanda ya saurari faifansu Kaani na 2013 zai ji an gina waƙoƙin a kan kiɗan da kowa a ƙungiyar ya sani, ba a kan hannun mutum ɗaya ba.

Sauyin da ya fi girgiza ƙasar Hausa kuwa, na'ura ce ta kawo shi. Tun da finafinan Kannywood suka bunƙasa, fiyano ta maye gurbin makaɗi a situdiyo. Yanzu kiɗa ake fara haɗawa, sannan mawaƙi ya auna baitinsa ya zauna a kai. A da kiɗa ke bin harshe, yau harshe ke bin kiɗa, har wani lokaci a ji an lanƙwasa kalma don kawai ta shiga. Ya fi araha, babu musu, kuma mai biki a Doguwa zai fi samun sauƙin ɗauko DJ ɗaya da lasifika a kan ciyar da tawagar makaɗa.

Inda na'urar ta kasa shiga shi ne filin dambe. Ɗan dambe ba ya fitowa a kan lokacin da aka tsara, kuma wani ba ya taso wa sai ya ji takensa. Dole a samu mai kalangu yana kallon fili, gula a hannu, yana jiran ya ga wanda ya miƙe.