Sansanin Sojan Sama na Agadas: Idon Wa Ke Kallon Sahara?

Duk wanda ya san tarihin fatauci ya san cewa matsayin Agadas a bakin hamada ne ya ɗaukaka ta. Daga nan hanya ke miƙewa zuwa Bilma da Libiya, ta kuma gangaro kudu har Kano. Abin da ya jawo ayarin raƙuma shekaru aru-aru shi ya jawo Amurka, wadda a 2016 ta fara gina sansanin sojan sama a kudu maso gabashin birnin, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 110. A 2019 jirage suka soma tashi daga can.

A takarda, sunansa Sansanin Sama na 201, kuma mallakar Jamhuriyar Nijar ne. Sai dai mu masu nazarin harshe mun saba tambayar abin da suna ya ɓoye. Jiragen da aka girke a can, samfurin MQ-9 Reaper, mukan kira su "marasa matuƙa", alhali kuwa suna da matuƙa. Matuƙin yana zaune ne a ƙasa gaban na'ura, yana sarrafa jirgin da kan shafe fiye da sa'o'i 20 yana shawagi, yana ɗaukar hoton duk abin da ya motsa. Matuƙin nan Ba'amurke ne, kuma hotunan hannun Amurka suke fara shiga. A ganina, a nan gizo ke saƙar, domin mai gida ya bayar da ɗaki, amma baƙo ne ke leƙa taga.

An ce manufar ita ce sa ido kan masu tayar da ƙayar baya a yankin Sahel. To amma a shekarun da sansanin ya yi yana aiki, kashe-kashe a iyakar Nijar da Mali da Burkina Faso ƙaruwa suka yi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, dangantaka ta yi tsami. A Maris 2024 sojojin da ke mulki suka soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, suna cewa tun asali ba a ƙulla ta bisa ƙa'ida ba. Cikin wata guda masu horar da soja daga Rasha suka sauka a Yamai. Ranar 5 ga Agusta 2024 sojojin Amurka suka kammala ficewa daga Agadas, suka bar wa Nijar titin jirgi mai tsawon kusan kilomita 2, suka tafi da jiragensu.