Haƙƙin Masu Kashe Gobarar Daji da Gonaki: Lada da Hutu

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke busar da ciyawa, gobara takan yawaita a karkarar Jihar Kano. A kudancin jihar, inda dajin Falgore yake, wuta takan ci daji mai faɗi. Amma a arewaci, kamar Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Bici da Ɓagwai, gona tana manne da gona, gida kuma kusa da gida. Abin da wuta ke ci a nan shi ne tarin kara, harawa, rumbuna da dangar gidaje, wato abincin iyali da na dabbobi na shekara guda.

Kafin motar Hukumar Kashe Gobara ta isa ƙauye mai nisa, waɗanda ke fuskantar wutar su ne samarin gari da 'yan sintiri, da bokiti da ƙasa da ɗanyen ganye. Muna so mu bayyana abin da doka ta tanada game da lada da hutun masu wannan aiki, da kuma inda ta bar giɓi.

Abin da doka ta tanada

A watan Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a wata, sannan a watan Oktoba na shekarar Gwamnatin Jihar Kano ta amince da Naira 71,000 ga ma'aikatanta. Dokar Ƙwadago ta ƙasa kuma ta ba lebura hutun awa ɗaya idan aikinsa na yini ya kai awa 6, da hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7. Har ila yau, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ga iyalinsa idan ya rasu.

Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafi aikin da ake biya gwargwadon abin da mutum ya yi ba, ko aikin da lokaci ke kawowa irin na noma. Shi kuwa ɗan sa-kai, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Idan ya ƙone a hannu, sau da yawa shi ne zai sayi magani, ga kuma asarar kwanakin sana'arsa.

Dalilin da ya sa hutu ya zama dole

Wanda ya wuni cikin hayaƙi da ƙishirwa ba ya saurin lura da juyawar iska. Bugu da ƙari, wuta takan ɓuya a ƙarƙashin toka ta sake tashi cikin dare, don haka dole ne a yi gadinta. Idan aka bar wa wanda ya gaji wannan gadi, barci zai ɗauke shi.

A Amurka, ƙa'idar masu kashe gobarar daji ita ce hutun awa ɗaya a kan kowace awa biyu ta aiki. An ƙara musu albashi na wucin gadi a dokar 2021, aka tabbatar da ƙarin a 2025, bayan an ga ƙwararru suna barin aikin. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar kuma, akan biya mutanen karkara kuɗi su share hanyoyin tare wuta a wuraren kiwo na yankin Maraɗi.

Shawarwarinmu

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, kansiloli, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su duba waɗannan matakai:

1. A rubuta sunayen 'yan sa-kai na kowace unguwa tun kafin a gama girbi.
2. A raba su rukuni-rukuni, ta yadda wanda ya yi aikin rana ba zai yi gadin dare ba.
3. A ware alawus a kasafin kuɗi, a bayyana adadinsa a fili, a kuma biya shi hannu da hannu a kan lokaci.
4. A ɗauki nauyin maganin wanda ya ji rauni.
5. A tanadi ruwan sha da takalma masu kauri, kuma kada a sa yara cikin aikin.

Manoma kuma su nisanta tarin kara daga rumbuna, su daina cinna wuta domin farautar gafiya. Wanda ya tsare mana abincin shekara ya cancanci a biya shi haƙƙinsa, a kuma bar shi ya huta. Allah ya kiyaye mu daga gobara, amin.