Aduwa: Yadda Ake Shuka Ta da Renonta

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai, idan kuka bi hanya daga Katsina zuwa Maraɗi a tsakiyar bazara, za ku ga yawancin itatuwa sun zubar da ganye, amma aduwa tana nan kore shar. Dalili shi ne saiwarta tana nutsawa can ƙasa ta cimma laimar da sauran ba sa kaiwa. Daga gare ta ake samun 'ya'yan da kuke aunawa a kasuwa, da man da ake tatsa daga ƙwallonta, da ganyen da ake kwaɗo, da icen da ake sassaƙa allo. Abin takaici, gatarin masu neman icen girki ya fi hannun masu shuka sauri.

Ku tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu, ku zubar da duk wanda kuka ga ƙwaro ya huda. Ku cire naman, ku jiƙa ƙwallon a ruwa kwana ɗaya. Wanda awaki suka ci suka tofar a garke ma yana tsirowa da kyau. Da zarar damina ta kankama, ku binne ƙwallo biyu ko uku a wurin da kuke son bishiyar ta zauna, domin aduwa ba ta son dashe: in doguwar saiwarta ta karye, da wuya ta rayu.

Renon shekara biyu zuwa uku na farko shi ne aikin. Ba ƙishirwa ce ta fi kashe ƙaramar aduwa ba, bakin akuya ne. Ku kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando, ku riƙa ba ta ruwa kaɗan a ranin farko kawai. Haƙuri ya zama dole, don takan kai shekara 5 zuwa 7 kafin ta fara 'ya'ya. A ganina, hanya mafi sauƙi ita ce wadda manoman jihar Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980: idan kututture ya tofo a gona, kada a sassabe shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan tun da daɗewa, don haka girman ya fi na shuka sauri nesa.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, ina da jan kunne. Shan aduwa da yawa yana sakin ciki, saboda haka ku taƙaita wa ƙananan yara, kuma kada ku ba yaron da ke gudawa. Masu ciwon suga kuma, kada maganar da ake yi a kasuwa ta sa ku ajiye maganin asibiti ku koma wa aduwa. Na ga waɗanda suka yi haka aka kawo su a galabaice.

Sai ƙayarta, mai tsawo da kaifi. Kada ku shuka ta inda yara ke wasa ba takalmi, kuma ku kwashe rassan da kuka datse. Wanda ta soka, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya zo a duba ko tsinin ya karye a ciki, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora idan an daɗe ba a yi masa ba.