Gwajin Da Ke Ɗauke Da Lambar Kuskure

Masu harhaɗa manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa sun daɗe suna fama da wata matsala, wato kuskuren da aka gyara bara ya sake kunno kai bana. Dalili kuwa shi ne sassan manhaja a sarƙe suke da juna, gyaran da aka yi a wannan kusurwa kan iya warware wanda aka yi a waccan. Saboda haka duk lokacin da aka gyara wani kuskure, akan rubuta ɗan taƙaitaccen gwaji mai sake kawo yanayin da ya haddasa shi, na'ura ta riƙa maimaita shi bayan kowane sauyi. Wannan shi ake kira gwajin koma-baya.

To, amma gwaji shi kaɗai bebe ne. In ya faɗi bayan shekara goma, wanda ya gaji aikin ba zai san dalilin rubuta shi ba, har ma yana iya share shi bisa zaton ba shi da amfani. A nan ne rahoton kuskure ke shigowa. A rumbu irin su Bugzilla, wanda aka fitar a 1998, kowane rahoto yana da lambarsa, tare da bayanin yadda abin ya faru da muhawarar da aka yi kafin gyara. Masu kula da GCC, manhajar da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, sukan raɗa wa gwaji suna da haruffan "pr" sannan lambar rahoton ta biyo baya. Da ganin sunan, an san inda za a nemi tarihinsa.

Wani lokaci ma akan rubuta gwajin tun kafin a samo maganin kuskuren. Tsarin gwaji na DejaGnu yana ba da damar a yi masa alamar cewa an san zai faɗi. Ranar da ya ci ba zato, tsarin zai sanar, sai a koma ga rahoton a duba ko lokacin rufe shi ya yi.

Sai dai lamba ba ta da ma'ana in babu rumbunta. A 2022, da masu kula da harshen Python suka mayar da rahotanninsu zuwa GitHub, rahotannin sun sami sababbin lambobi. Dole aka bambanta tsofaffi da alamar "bpo", sababbi kuma da "gh", aka kuma tanadi hanyar da ke kai mai riƙe da tsohuwar lamba zuwa sabon mazaunin rahoton.