Kama da wane ba wane ba: a duba lamba kafin a sayi tsohuwar motar Amurka

Ƴan kasuwarmu masu ɗauko motoci daga tashoshin ruwa na Kwatano da Lome sun san motocin Amurka ciki da waje. Amma akwai wasu da cinikinsu ya sha bamban, wato tsofaffin motoci masu ƙaton inji mai silinda 8, waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO, Dodge Charger da Chevrolet Chevelle SS. A can Amurka masu sha'awar kayan tarihi ne ke rububinsu. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 kan dala miliyan 3 da rabi. To, inda kuɗi suke haka, ba a rasa ƴan damfara.

Bari mu ɗauki GTO a matsayin misali. Gangar jikinta ɗaya ce da ta Pontiac LeMans, wadda ba ta kai ta daraja ba. Sai mutum ya sami LeMans, ya canza murfin inji, ya manna tambarin GTO, ya fesa sabon fenti, ya kai kasuwa. Ido ba zai gane ba, lambar shasi ce ke tona asiri. Daga 1966 zuwa 1971, lambar GTO ta gaskiya tana farawa da 242. In ka ga 237, LeMans ce aka yi wa ado. Ƙirar 1964 da 1965 kuwa lambar ba ta bambanta su, sai an nemi kwafin rasit ɗin masana'anta daga kamfanin PHS mai ajiye takardun Pontiac. Ga motocin Ford daga 1967, akwai irin wannan takarda da ake kira Marti Report.

Kada gajartar lambar ta ruɗe ku. Tsarin haruffa da alƙaluma 17 da muka saba gani, a 1981 aka fara shi. Daga 1968 ana iya hango lambar ta gilashin gaba, kuma ana buga ƙarshenta a jikin inji da akwatin giya. In ba su yi daidai da ta shasi ba, an canza inji, farashi kuma dole ya sauka. A duba ƙusoshin da suka riƙe farantin lambar. In akwai alamar an ɓamɓare an mayar, a janye. Mayen ƙarfe ma na da amfani: inda ya ƙi kama jikin mota, mai yiwuwa an cike tsatsa ne aka rufe da fenti.

Shawararmu ga mai niyya ita ce, kada ya tura ko dala kan hoton waya kaɗai. Ya biya makaniken da ya san irin motar ya je ya duba ta, ya gwada lambobin da na takardu. Sauran duk cinikin biri a sama ne.