Lasin Rediyo da Talabijin a Ƙasar Gumel: Wa Ake Biya, Kuma Don Me?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi nazarin wani haraji wanda doka ta tanada, amma jama'a ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wato kuɗin lasin mallakar akwatin rediyo da na talabijin. Za mu ɗauki ƙasar Gumel a matsayin misali, domin zamanta a bakin iyaka ya sa matsalar ta fi fitowa fili.

Asalin wannan tsari daga Ingila yake. Tun farkon kafuwar BBC mai akwatin rediyo ke yankar lasi, sa'an nan a 1946 aka ƙaro na talabijin. Hikimar abin ita ce, idan masu saurare ne ke ciyar da gidan watsa labarai, to ba zai zama ɗan amshin shatar gwamnati ko na 'yan kasuwa ba. Saboda haka kuɗin da aka tara BBC ake miƙa wa, kuma wanda ya kalli shirin kai-tsaye ba lasi ana iya gurfanar da shi gaban shari'a.

A Nijeriya kuwa al'amarin ya sha bamban. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 wanda ake aiki da shi, sun sanya karɓar kuɗin lasin cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan a masarautar Gumel, ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ke da ikon karɓa, alhali ba su ke gudanar da gidajen watsa labarai ba. Hukumar talabijin ta NTA, wadda aka kafa a 1977, da hukumar rediyo ta FRCN ta 1978, na Gwamnatin Tarayya ne, gidan rediyon Jigawa kuwa na gwamnatin jiha. Bugu da ƙari, wata dokar soja ta 1999 ta ba hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ikon tara kuɗin ta rarraba wa gidajen, abin da ya ci karo da tsarin mulki. Sakamakon haka shi ne, igiyar da ta haɗa mai saurare da tasha ta tsinke: mai biya bai san abin da ya saya ba, tasha kuma sai ta dogara da baitulmali da tallace-tallace.

Yanzu sai mu dubi Maigatari. Garin yana kan iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarsa ta dabbobi da ke ci ran Alhamis tana tara fatake daga ƙasashen biyu. Muryar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Bafatake guda yana iya kama Muryar Sahel da safe, Rediyon Kaduna da rana, da dare kuma Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957. To, idan ma'aikacin ƙaramar hukuma ya tare shi da rasit, kuɗin wace tasha zai ce yana karɓa? Haka nan dokar 1992 wadda ta kafa yankunan ciniki marasa haraji, irin wanda aka buɗe a Maigatari, ta ɗauke wa kamfanonin da aka amince da su a ciki harajin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma. Da wuya a gamsar da manomi cewa ya biya wa ɗan akwatinsa abin da aka yafe wa mai masana'anta.

Akwai kuma tarihi. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991. Talakan da ya ga an kawar da harajin kai da na shanu ba zai yi maraba da harajin akwati ba.

Ƙin biya ba a nan kaɗai ya tsaya ba. A Gana, da aka keɓe kotuna na musamman a ƙarshen 2017 don hukunta masu ƙin biyan lasin talabijin, jama'a suka yi ca, har aka dakatar da shirin a farkon 2018. Faransa ta soke nata a 2022. Jamus kuwa tun 2013 ta mayar da shi kuɗin da kowane gida ke biya, ko da akwati ko babu, ganin cewa wayar hannu ta riga ta zama rediyo da talabijin.

Daga ƙarshe, abin da za mu fahimta shi ne, tilas kaɗai ba ta raya wannan haraji. Sharuɗɗa biyu ne ke riƙe shi: mai biya ya tabbata kuɗinsa na isa ga tashar da yake saurare, kuma ya tabbata tashar tasa ce, tana faɗin farashin riɗi da shanu da damuwar ƙauyensa, tana ba ɗan hamayya fili kamar yadda take ba mai mulki. Muddin babu waɗannan, lasin zai ci gaba da zama rubutu a takarda, gidajen watsa labaran gwamnati kuma su ci gaba da yi wa mai ba su abinci kirari.